Mantuwar Tsufa da Ciwon Mantuwa: Ina Iyakar Take?

A watannin nan wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan mantuwa sun yawaita, wasu daga dattawan da ke tsoron abin da suke gani a kansu, wasu kuma daga 'ya'yan da ke kallon iyayensu suna canjawa a gaban idonsu. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire sunaye, domin magana ce da ta shafi sirrin gida.

TAMBAYA: Likita, ni tsohon malamin makaranta ne, shekaruna 64, na yi ritaya shekara huɗu da suka wuce. A da nakan kira sunayen 'yan ajina sittin ba tare da na buɗe rajista ba. Yanzu sai in haɗu da wanda muka yi aiki tare shekara goma, in gane fuskarsa, in tuna garinsu, amma sunansa ya ƙi zuwa, sai bayan mun rabu ina tsakiyar alwalar la'asar ya faɗo mini. Nakan nemi tabarau alhali yana cikin aljihun rigata. A salla ma ƙabli da ba'adi sun yi mini yawa. Ko farkon gigin tsufa ke nan? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Rabin amsarka tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce sunan yana faɗo maka lokacin alwala. Abin da ya dawo da kansa bai ɓata ba, jinkiri kawai ya yi.

Tunawa aiki ne mai hawa uku: abu ya shiga, a adana shi, sannan a ɗauko shi lokacin da ake buƙata. Ka ɗauki ƙwaƙwalwa kamar rumbu. A mantuwar da shekaru ke kawowa, tsohon hatsi yana nan, damin bana ma yana shiga, sai dai mai hawa ya ɗebo ne ƙafarsa ta yi nauyi, don haka abin da a da yake saukowa nan take yanzu sai an ɗan jira shi. A ciwon mantuwa irin na Alzheimer kuwa, ɓarnar daga bakin rumbun take farawa, sabon dami ba ya shiga, kuma abin da bai shiga ba babu yadda za a yi a ɗebo shi. Saboda haka ma'aunin da ya fi sauƙi a gida shi ne tuni. Idan aka faɗa maka harafin farko na sunan, ko aka ce “wanda kuka yi gadin jarrabawa tare”, ka ce “af, na tuna”, to ajiyarka lafiya take. Mai ciwon, ko an ba shi labarin abin da ya faru jiya daga farko har ƙarshe, zai saurara kamar yau ya fara ji, wani lokaci ma ya yi rantsuwa cewa ba a yi ba.

Sunayen mutane su ne suka fi saurin maƙalewa ga kowa, domin suna ba shi da wata ma'ana da ke ɗaure shi da fuskar mai shi, ba kamar sana'arsa ko garinsu ba. Maganar tabarau kuma ba ta ajiya ba ce, ta hankali ce: lokacin da ka sa shi a aljihu tunaninka yana wani wuri. Saurin ƙwaƙwalwa yana raguwa a hankali da shekaru, amma yawan kalmomin da mutum ya sani, da iliminsa, da iya auna magana, sukan tsaya daram har cikin shekaru saba'in, shi ya sa ba a fasa kai ƙara gaban dattawa.

Game da salla, ka tuna cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya taɓa yin sallama bayan raka'a biyu a sallar raka'a huɗu har Zulyadaini ya tunatar da shi. Kokwanto tsakanin raka'a uku da huɗu halin ɗan'adam ne. Abin da zai tayar mini da hankali daban ne: dattijon da ya sallaci azahar sau uku domin bai san ya yi ba, ko wanda ya tsaya da buta a hannu ya rasa gaɓar da ke bin wanke fuska, bayan ya shekara hamsin yana alwala.

Wani abu da muke lura da shi a asibiti shi ne, wanda ya zo shi kaɗai da jerin abubuwan da ya manta, ya faɗe su dalla-dalla har da ranaku, galibi ba shi ne mai ciwon ba. Mai ciwon kawo shi ake yi, yana cewa lafiyarsa ƙalau. Wannan ba doka ba ce da ba ta karyewa, don haka kada ka tsaya a nan. Akwai wani mataki na tsakiya, inda mantuwa ta wuce ta tsaran mutum amma har yanzu yana tafiyar da harkokinsa da kansa. A cikin masu wannan hali, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kan gangara zuwa cikakken ciwon a kowace shekara, wasu su tsaya a haka, wasu ma su warware idan aka gano sanadin aka magance shi. Ka tambayi uwargida, ka ce ta faɗa maka gaskiya: kana maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya? Lissafin fansho da na cefane ya fara kuɓuce maka? Idan ta ce a'a, ka auna jininka da suga, a duba maka ji da gani, ka ci gaba da harkarka. Idan ta yi shiru tana kallon ƙasa, ku tafi asibiti tare.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyarmu tana da kimanin shekara 75. Kusan shekara biyu ke nan muna ganin canji. Takan tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta sau biyar kafin magariba. Ita ce uwar adashen unguwarmu shekara da shekaru, amma bara lissafi ya rikice mata har muka biya kuɗi daga aljihunmu. Ta zuba gishiri a kunu. Watan jiya ta fita barka gida na huɗu daga namu, aka tsinto ta a bakin titi ba ta san hanyar dawowa ba. Yanzu ta tsiri cewa matar yayanmu tana sace mata kuɗi da ɗankwali, har auren yana neman lalacewa. Abin da ke ɗaure mana kai shi ne tana ba da labarin bikinta da sunayen ƙawayenta ba ta mance ko ɗaya. Yayanmu ya ce tsufa ne kawai, ƙanwar babanmu ta ce sammu ne. Mene ne gaskiya? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri. Ba zan ɓoye miki ba: abin da kika zayyana ya wuce tsufa. Ba a yanke hukuncin ciwo ta wasiƙa, amma alamomin da kika lissafa su ne ainihin waɗanda ke sa likita ya yi zargin ciwon mantuwa, kuma ya kamata a kai ta asibiti a cikin makonnin nan.

Maganar adashen ce ta fi ɗaukar hankalina. Iyakar da ke raba mantuwar tsufa da ciwo ba yawan mantuwa ba ce, a'a, ita ce ranar da mutum ya kasa aikin da ya ƙware a kansa tsawon rayuwarsa. Matar da ta riƙe zubin mutane da kwasarsu a ka shekaru masu yawa, idan lissafin ya kuɓuce mata, wani abu ya taɓu. Haka ɗinkin tela, da awon mai awo, da hanyar da direba ya bi sau dubu. Ɓata a cikin unguwar da mutum ya tsufa a cikinta ma ba ya cikin abin da shekaru kaɗai ke kawowa.

Labarin bikin da take bayarwa ba hujjar lafiya ba ce, kuma nan ne iyalai da yawa ke yaudaruwa har su yi asarar shekara biyu ko uku. Cutar Alzheimer takan fara ne daga wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ke can ciki ta wajen kunne, wanda aikinsa shi ne karɓar sabon abu ya miƙa shi ajiya. Abin da aka adana shekara hamsin da suka wuce ya riga ya bazu a wasu sassan, don haka shi ne na ƙarshen gogewa. Mutum zai kawo sunan wanda ya yi masa walicci, amma ya kasa faɗin abin da ya karya da shi yau da safe.

Zargin satar ma daga nan ya fito, kuma ina roƙon ki karanta wa yayanku wannan wurin. Hajiya ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ɓoyewar ba ta shiga ajiya ba, ta duba bakin zane ba ta gan su ba. A iya saninta ba ta taɓa su ba, to wa ya ɗauka? Hankali ba ya son giɓi, sai ya cike shi da wanda ya fi kusa, wanda kuwa ya fi kusa shi ne mai share ɗakin da kawo abinci. Wato wadda ta fi kowa hidima ita ce ta fi shan zargi. Hajiya ba ƙarya take yi ba, surukarta kuma ba ɓarauniya ba ce. Ya kamata yayanku ya tara dangi ya wanke matarsa a fili, domin na ga auren da irin wannan zargi ya kashe.

Wannan hali ba sabo ba ne. A shekarar 1901 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya karɓi wata mata 'yar shekara 51 mai suna Auguste Deter a asibitin Frankfurt, tana mantuwa, tana zargin mijinta, tana rikicewa a cikin gidanta. Da aka ce ta rubuta sunanta ta kasa, sai ta ce ta rasa kanta. Bayan rasuwarta a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da wasu zare-zare da suka cukurkuɗe a cikinsu. Ciwo ne da ake gani da ido a madubin bincike. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da ciwon mantuwa, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani babban sanadin, wanda ya shafe mu ƙwarai saboda yawan hawan jinin da ba a kula da shi, shi ne lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Wannan yakan sauko ne kamar matakala: mutum ya ɗan faɗi, ya tsaya watanni, ya sake faɗuwa.

Za ki ce, idan ciwon ba ya warkewa, mene ne amfanin asibiti? Amfanin farko shi ne akwai abubuwan da ke kwaikwayonsa, kuma su ana magance su. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa, kuma yana yawa ga tsofaffi da masu shan metformin na ciwon suga shekaru da dama. Raunin ƙullin nan na wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo yana dusashe tunani. Ciwon damuwa, musamman bayan rasuwar miji ko ɗa, yakan sa tsohuwa ta yi kamar ta rikice. Kurumta ma haka, domin abin da kunne bai ji ba ƙwaƙwalwa ba za ta riƙe ba. Sai magunguna: na barci irin su diazepam, da Piriton, da wasu na tari da na mura da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba.

Ranar zuwa asibiti, wanda ke kwana gida ɗaya da ita ya raka ta, ko da surukar ce, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku rubuta abubuwan da suka faru da lokacin da kowanne ya fara. Ku zuba duk abin da take sha a leda ɗaya ku tafi da shi, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Idan likita ya yi mata tambaya, ku daure ku yi shiru. Ina tuna wata dattijuwa da ɗanta ya kawo mini, ta sha lullubi, ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya har da tambayar iyali, wanda duk ya ji zai ce babu abin da ke damunta. Na faɗa mata kalmomi uku na ce ta riƙe mini, muka yi hirar jikokinta minti biyar, sannan na tambaye ta. Ta yi murmushi, ta juya ta kalli ɗanta. Na tambaye ta wane wata muke ciki, ko azumi ya wuce ko yana gaba, ta sake juyawa gare shi. Wannan juyin kan ya gaya mini abin da gaisuwar ta rufe.

Idan Hajiya ba ta yi boko ba, ku faɗa tun farko. Wasu gwaje-gwajen an tsara su ne don masu karatu da rubutu, suna sa a zana agogo ko a rubuta jimla, kuma mai lafiya ma zai iya faɗuwa idan bai taɓa riƙe biro ba. Masu bincike a Ibadan sun fito da gwajin da ake yi da tsinken ashana a maimakon zane saboda wannan dalili. Bayan haka za a ɗebi jini, wataƙila a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Kuna iya farawa daga babban asibiti mafi kusa, a tura ku ga likitan jijiyoyi ko na ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Masu karatu na wasu jihohin suna da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Kada kunyar a ce an kai uwa asibitin masu taɓin hankali ta hana ku, domin likitocin da suka fi sanin wannan ciwo a can suke.

A gida kuwa, ku daina gardama da ita. Idan ta ce an sace kuɗinta, a ce “bari mu duba tare”, a kuma san wuraren ɓoyonta. Idan ta tambaya karo na biyar, a amsa kamar karo na farko, domin a wurinta na farkon ne. Ku raba ta da risho da gas, amma ku bar mata aikin da hannunta ya saba, kamar tsince shinkafa ko gyaran zogale. Ku ɗinka lambar wayarku a cikin mayafinta, ku kuma sanar da maƙwabta halin da take ciki, domin tsohuwar da aka tsinta tana yawo tana maganar da ba ta haɗu ba, a inda ba a san ta ba, wani lokaci maita ake laƙa mata, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Rikicewar takan ƙaru daga la'asar sakaliya zuwa bayan magariba, lokacin da za ta ɗaure kaya ta ce za ta tafi gida, don haka a kunna fitila da wuri, wani ya zauna kusa da ita.

Ga gwaggonku, ku ce mata addu'a ba ta hana asibiti, asibiti ma ba ya hana addu'a. Alƙur'ani ya ambaci wannan hali a aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. A yi mata karatu a tofa mata, zai ma kwantar mata da hankali. Amma duka, da ɗauri, da turnuƙe ta da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da raba ta da surukarta bisa zargin asiri, waɗannan cutarwa ce, kada ku yarda.

TAMBAYA: Likita, babanmu yana da shekara 80 kuma har makon jiya shi ke karɓar kuɗin hayar shagunansa. Kwana uku ke nan ya rikice, ba ya gane mu sosai, yana ganin mutane a ɗaki, da rana barci, da dare fisge-fisge. Da safe yakan ɗan dawo daidai. Mutane sun ce gigin tsufa ne ya sauko, mu yi haƙuri. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Ɗan'uwa, ranar da saƙonka ya iso na mayar maka da amsa cewa ku tafi asibiti a ranar, kuma ina buga shi a nan ne saboda sauran masu karatu. Ciwon mantuwa ba ya sauka cikin kwana uku, watanni da shekaru yake ɗauka yana rarrafe. Rikicewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwanaki, tana tashi tana kwantawa a yini ɗaya, alama ce cewa wani ciwo a jiki ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma lamari ne na gaggawa kamar ciwon ƙirji.

Jikin tsoho ba ya kuka irin na yaro. Zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ƙwayar cuta a mafitsara, duk suna iya zuwa masa ba tare da zafin jiki mai yawa ba, sai ruɗewa kawai. Ƙarancin ruwa a lokacin bazara ko cikin azumi yana yin haka. Faɗuwar suga ga mai shan maganin ciwon suga wanda bai ci abinci ba tana yin haka, kuma tana kisa cikin sa'o'i. Ga tsofaffin maza akwai toshewar fitsari. A tambaya kuma ko ya faɗi a banɗaki ko ya bugu a ka a makonnin baya, domin jini yakan taru a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, alamar ba ta fitowa sai bayan an manta da faɗuwar, kuma tiyata tana iya dawo da mutum hayyacinsa. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, ba a jiran gari ya waye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a ba shi maganin barci don a samu a runtsa, domin yana ƙara ruɗewar, yana kuma rufe ciwon da ke ƙasa. Wanda ma aka san yana da ciwon mantuwa, idan ya rikice fiye da yadda aka saba cikin kwana ɗaya ko biyu, hukuncin ɗaya ne.

TAMBAYA: Likita, shekaruna 36, ina goyo, ina kuma aikin ofis. Nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni, na ƙona miya sau biyu a wata ɗaya. Kakata ta yi gigin tsufa kafin ta rasu. Ko na gada ne? Daga wata mai karatu a Jos.

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki. Irin Alzheimer da ake gado kai-tsaye bai kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma a irin waɗannan gidaje za ki ga ta kama mutane da dama, iyaye da 'ya'ya, tun suna shekara arba'in ko hamsin. Kaka ɗaya da ta rikice a ƙarshen rayuwarta ba ta sa ki cikin wannan layi. Mai goyon da ba ta samun barcin sa'a huɗu a jere, ga aiki, ga girki, ga waya a hannu, hankalinta a rarrabe yake, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da ta tara da rana. Ki je a duba miki ƙarancin jini da aikin ƙullin wuya, domin dukansu suna yawa bayan haihuwa. Idan kuma tare da mantuwar kina jin ƙunci, da kuka babu dalili, da rashin jin daɗin abin da kike so a da, ki faɗa wa likita a fili, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana jin magani. Maigida ya karɓi wani ɓangare na renon dare.

TAMBAYA: Likita, ana tallar magungunan ƙara kaifin ƙwaƙwalwa a kasuwa da rediyo. Akwai wanda ke hana ciwon mantuwa ko ya warkar da shi? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Alhaji, riƙe kuɗinka. Har yau babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer, na bature ko na gargajiya, kuma duk wanda ya ce yana da shi a kwalba yana cin kuɗin masu neman mafita ne. Akwai magungunan da likita ke rubutawa, irin su donepezil da memantine, waɗanda ke ɗan sassauta alamomin na wani lokaci ga wasu marasa lafiya, amma ba sa tsayar da cutar, kuma donepezil na iya rage bugun zuciya, don haka ba na saye a kemis ba ne. A Amurka an amince da wasu sababbi biyu, lecanemab a 2023 da donanemab a 2024, waɗanda ake ƙarawa ta jijiya. Suna ɗan rage saurin gangarowar ga waɗanda ke matakin farko, suna da tsada ƙwarai, kuma suna buƙatar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai saboda haɗarin kumburi da zubar jini.

Inda ke da abin yi shi ne kafin ciwon ya zo. A 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ya ƙiyasta suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. A cikinsu akwai ƙarancin karatu tun yarinta, da kurumtar da ba a kula da ita ba, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon suga, da yawan kitse a jini, da ƙiba, da taba, da giya, da buguwar kai, da gurɓatacciyar iska, da ciwon damuwa, da rashin motsa jiki, da kaɗaici. Kiyaye su ba alkawari ba ne cewa mutum ba zai kamu ba, amma yana rage haɗarin.

Idan ka ce in zaɓa maka daga ciki bisa abin da nake gani a wurinmu, zan fara da hawan jini, domin yana ɓarna shekaru ba tare da ciwon kai ko jiri ba, kuma mutanenmu sukan daina shan magani da zarar sun ji sauƙi, alhali magani ne na kullum. Sai hular kwano ga mai hawa babur, da cire yanar ido ga tsohon da ya daina fita saboda ba ya gani, da fitar da murhun itace daga rufaffen ɗaki. Dattijon da ya daina zuwa majalisa kuma, a bincika ko ba ya jin abin da ake faɗa ne yake kunyar cewa a maimaita. Kuɗin da za ka kashe a kwalba biyu ta mai talla, ka ƙara kaɗan a kai ka sayi na'urar awon jini ta gida, ka riƙa auna kanka da uwargida sau ɗaya a mako, kana rubuta lambobin a littafi domin ka nuna wa likita.